Yadda ake dakon barewa a kan bishiya a Amurka, da yadda za ka hana warinka tona maka asiri

Shekarar da na fara farauta a jihar Mishigan, wata safiya cikin watan Nuwamba na hau bishiya tun da sauran duhu, sanyi kamar zai cire min yatsu, na zauna shiru ko tari ban yi ba. Wajen ƙarfe takwas sai ga uwar barewa da 'ya'yanta biyu sun fito daga cikin ciyayi suna tahowa a kan turbar da nake dako. Saura kaɗan su shigo inda zan iya harbi sai uwar ta tsaya cak, ta ɗaga hanci sama, ta buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi wani huci mai ƙarfi, farar wutsiyarta ta miƙe, shikenan suka ɓace. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba. Hancinta ne ya gaya mata komai, don iska daga bayana take kaɗawa tana kai mata warina, ga kuma rigar da ke jikina ta kwana a ɗakin da ake turaren wuta.

Tun ranar na gane abin da nake so in gaya wa duk ɗan'uwan da yake zaune a ƙasar nan yana sha'awar shiga wannan harka: ba ka isa ka yaudari hancin barewa ba, iyakar abin da za ka yi shi ne ka zauna inda warinka ba zai kai gare ta ba. Sabulu da feshi da tufafi masu tsada duk 'yan rakiya ne, iska ce mai gayya mai aiki.

Wadda nake magana a kai ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ta cika dazuzzuka da gonakin Amurka, ta fi tamu ta gida girma da kauri, namijin yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara ya fito da sabo.

Takardu tukuna

Wannan ba zan daɗe a kai ba amma ba a tsallake shi. Sai ka yi kwas ɗin koyar da mafarauta, ka yanki lasisi a hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jiharka, DNR suke ce mata a Mishigan da Wiskonsin. A Mishigan lokacin kwari da baka yana farawa 1 ga Oktoba, na bindiga kuma daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba, a Wiskonsin kwana tara ne na bindiga, farawa daga Asabar ɗin da take kafin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Lokacin bindiga dole ka sa tufafi masu ruwan lemo mai haske yadda dokar jiharka ta ce, don sauran mafarauta su gan ka. Kar wannan ya dame ka, idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemo sosai, shuɗi ne take gani raɗau, don haka wandon jins shuɗi ya fi rigar lemo tona ka. In gonar wani ce ka nemi izini, in dajin gwamnati ne ka karanta dokar shekarar, misali a Mishigan an hana murɗa ƙarfen takawa a jikin bishiya a filin gwamnati, kuma sai ka rubuta sunanka a jikin kujerar dako, wato wadda ake ɗaurawa a kan bishiya a zauna, in ka bar ta a can.

Neman wuri, kafin neman bishiya

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga bishiya mai kyau miƙaƙƙiya ya ce nan zan hau. A'a. Ka fara da sanin inda barewa take kwana da inda take ci. Da rana tana kwanciya a wuri mai duhuwa, cikin sarƙaƙiya ko bakin fadama ko gefen tudu, da yamma ta fito gonar masara ko waken soya, ko ƙarƙashin wata babbar bishiyar daji da suke ce wa ok inda 'ya'yanta suke zuba, ta fi son na farar ok don ba su da ɗaci kamar na ja. Tsakanin makwanci da wurin ci akwai turba, ita kake nema. Ka duba sawu, ka duba kashi, ka duba ƙananan itatuwa da namiji ya goge da ƙaho har ɓawo ya saluɓe, sannan ka duba inda ya tone ƙasa da kofato ƙarƙashin wani reshe da ya sauko, nan yake fitsari yana goga goshinsa a reshen, wato allon sanarwarsu ne, duk wadda ta zo wucewa sai ta tsaya ta shinshina. Inda ya fi kyau shi ne inda ƙasa ta matse turbar, kamar siririn daji tsakanin gonaki biyu, ko mashigin rafi, ko wurin da shinge ya karye.

Wannan yawon ka yi shi da wuri, ni na fi son ƙarshen hunturu bayan ƙanƙara ta narke don duk alamun bara suna nan a fili kuma in ka kore su suna da watanni su manta. Ana saura kwana biyu a buɗe farauta ka shiga kana tattaka makwancinsu, ka ɓata wa kanka wuri.

Yanzu sai iska

A nan zan zauna sosai. Ka ɗauka warinka hayaƙi ne da yake fita daga jikinka, yana tafiya inda iska ta nufa yana ƙara faɗi. Tambayar da za ka yi wa kanka a gindin kowace bishiya ita ce, in na zauna a nan hayaƙin nan ina zai je? In amsar ita ce zai bi ta kan turba ko ya shiga makwanci, bar bishiyar komai kyanta. Kana so ya tafi inda barewa ba ta bi, kan tafki, kan titi, in da safe ne tsakiyar gonar da aka riga aka girbe, ko bakin wani gangare mai zurfi. Iska ta bugi fuskarka ko ta zo ta gefe, kai kana ƙasan iska, barewa tana samanta.

A yankinmu iskar kaka yawanci daga yamma ko arewa maso yamma take zuwa, shi ya sa kujerata ta farko tana gabas da turba. Amma iska ba ta da alƙawari, don haka mai hankali yana da bishiya biyu ko uku, wannan ta iskar yamma, waccan ta iskar kudu. Daren da za ka fita ka duba hasashen yanayi a waya awa bayan awa, in iska ba ta dace da kujerar da kake so ba kar ka hau, ko da ranar ce kaɗai ka samu hutu a wurin aiki. Na san yana da ciwo. Amma babbar uwar barewa in ta shaƙe ka sau ɗaya a bishiya, duk lokacin da za ta wuce sai ta ɗaga kai ta duba wurin, ko ta canja hanya gaba ɗaya, kuma sauran suna bin ta.

Sannan akwai wata iskar da waya ba za ta gaya maka ba, ta zafi da sanyi. Da safe in rana ta fara dumama ƙasa iska tana hawa sama, tana bin tudu tana haurawa, da yamma in ƙasa ta huce iska mai sanyi tana da nauyi sai ta gangaro tana bin kwari kamar ruwa. Ma'ana a wuri mai tudu, bayan rana ta fito gara ka kasance sama da turba, da yamma kuma ƙasa da ita. Daidai lokacin da rana take faɗuwa, lokacin da barewa ta fi fitowa, iskar gari takan kwanta, sai warinka ya zubo daga kan bishiya ya malale a gindinta, wannan ya cuci mutane da yawa da suke zaton tsayi kaɗai ya ishe su. Cikin kwari mai zurfi kuwa iska juyawa take kamar guguwa, alamun barewa sun fi yawa a can amma ni na daina zama a irin wurin, sai ranar da iska take da ƙarfi ta tsaya gefe ɗaya.

Yadda ake gwadawa, maharbanmu na gida sun riga kowa, toka suke barbaɗawa su ga inda ta nufa. A nan ana sayar da 'yar kwalbar hoda mara ƙamshi, aikinsu ɗaya. Amma abin da ya fi su duka shi ne audugar wani tsiro ɗan'uwan tumfafiya da yake fitowa a bakin hanyoyi, cikin kaka kwanson yana fashewa da farar auduga sak irin ta tumfafiya. Ka tara ta a aljihu, in ka hau ka saki ƙwaya ɗaya ka bi ta da ido, hoda tana ɓacewa nan kusa amma ita za ka ga ta yi nisa, ta lanƙwasa, ta faɗa kwari, ta dawo, abin da take yi shi warinka yake yi.

Hanyar shiga ma lissafi ce. Kar ka ratsa gonar da suke ci da asuba, kar ka taka turbarsu, kar iska ta kai warinka makwanci kana tafiya. In zagaye zai ƙara maka minti ashirin ka yi zagayen, in akwai rafi mara zurfi ka bi ta cikinsa. Kar ka riƙa kama rassa da hannu tsirara.

Kujera, da yadda ba za ka faɗo ba

Iri uku aka fi amfani da su. Akwai mai tsani, a jingina ta a ɗaure, ita ta fi sauƙi ga sabon shiga amma tana da nauyi, ɗaga ta sai mutum biyu ko uku. Akwai ta ratayawa, ƙarama, da ake haɗawa da sandunan takawa masu ɗauri, tana hawa kusan kowace bishiya. Akwai mai hawa da kanta, gida biyu, kana ɗaga na sama da hannu na ƙasa da ƙafa, ita sai bishiya miƙaƙƙiya mara rassa, kuma ka tabbata gida biyun suna haɗe da igiya don kar na ƙasa ya zame ya bar ka a sama. Wasu yanzu sirdi suke amfani da shi, kana rataye da igiya kana taka ɗan dandamali. In yau ka fara, mai tsani nake ba ka shawara.

Tsayi, ƙafa 15 zuwa 20 ya isa, wato mita 5 zuwa 6. In ka wuce haka kusurwar harbi tana tsananta, wurin da za ka samu huhu biyu yana ƙanƙancewa. Abin da ya fi tsayi amfani shi ne abin da ke bayanka, ka nemi bishiya mai kauri ko mai rassa ko wadda wasu suke bayanta, don kar ka fito fili a sararin sama kamar tuta. Bishiya ta zama rayayya, matacciya ko mai ruɓa ko mai busassun rassa a sama ba a hawa. Ka nisanta daga turba kamar mita 15 zuwa 20 in da baka ne, da bindiga kana iya ja baya sosai, wanda ma ya fi.

Dan Allah ka ji wannan. Abin da ya fi raunata masu farautar barewa a Amurka ba harsashi ba ne, faɗowa ne daga bishiya, kuma yawanci lokacin hawa ko sauka ko lokacin da mutum yake taka kujerar daga tsani. Ka sayi ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, ba bel ɗin ƙugu kaɗai ba. Ka ɗaura doguwar igiya daga saman kujera har ƙasa, mai ƙullin Prusik, ƙullin da yake zamewa in ka tura shi da hannu amma ya cije in nauyi ya faɗa masa, ka maƙala kanka tun ƙafarka tana ƙasa, kar ka cire sai ka dawo ƙasa. Kullum gaɓoɓi uku suna riƙe, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Bindiga ba a hawa da ita, ka cire harsashi, ka ɗaure ta da wata igiya bakinta yana kallon ƙasa, in ka zauna ka ɗaure kanka sai ka jawo ta. In ka zauna igiyar bayanka ta zama ba ta da sakaci sosai, yadda in ka zame ba za ka yi nisa da kujerar ba. Rataye a ɗamara na tsawon lokaci shi ma haɗari ne don jini yana taruwa a ƙafafu, shi ya sa ake haɗawa da wani ɗan madauri da za ka taka ka miƙe, ka sa shi inda hannunka zai kai, tare da waya. Madaurin da ya shekara a waje rana da kurege sun ci shi, ka canja. Kuma ka gaya wa iyali bishiyar da kake da lokacin da za ka dawo.

Warin jiki da na kaya

Mu Hausawa a nan muke da aiki fiye da Bature, gaskiya ce. Gidajenmu akwai turaren wuta, akwai humra, akwai miyar daddawa da soyayyar albasa, kuma duk yadi yana sha. Abin alfahari ne a cikin mutane, a daji kuwa ƙararrawa ce. Don haka kayan farauta kar su shiga cikin gida kwata-kwata. Ka wanke su da sabulu mara ƙamshi, wanda kuma ba shi da sinadarin nan mai sa kaya haske, ko ka yi da bekin soda kawai. In injin wankin gida ne ka fara sa shi ya zagaya da ruwa zalla don ya fitar da ƙamshin omon da aka saba. Ka shanya a waje, nesa da tagar kicin da bakin gareji, in sun bushe ka zuba a akwatin roba mai murfi ka rufe. Ni nakan jefa busassun ganye na dajin da zan shiga a ciki.

Ranar fita ka yi wanka da sabulu mara ƙamshi, tawul ɗin ma daban, ba man shafawa mai ƙamshi, ba turare ko ɗigo, hular da ka je Juma'a da ita ta zauna a gida. Ka tuƙa mota da kayan gida, in ka isa ka canja a waje bayan mota. Fetur ka sha tun jiya, don tsayawa gidan mai da takalmin farauta yana kwaso wari ya kai shi daji. Takalmi rambut ya fi na fata, ka cusa ƙafar wando a ciki, kuma kar ya taka ko'ina sai daji.

Gumi shi ne babban abokin gaba, yana ƙara wari kuma yana sa sanyi ya kama ka in ka zauna. Ka ɗauki babbar rigar a jaka, ka yi tafiya a hankali da kaya marasa nauyi, sai ka huce a gindin bishiya sannan ka sa. Numfashi kuma ba yadda za ka yi da shi, kana fitar da shi duk daƙiƙa, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa babu wankan da zai mai da kai mara wari. Ka goge baki da bekin soda, sigari kuwa a manta da ita.

Za ka ga shaguna cike da kaya, riguna masu gawayi a ciki irin na Scent-Lok, injin da yake fitar da wata iska mai rage wari da ake ce wa ozon irin na Ozonics, feshi kala-kala. Ra'ayina, suna iya rage wari, ta yadda barewa za ta ɗauka mutumin yana nesa ko ya daɗe da wucewa, wani lokacin wannan 'yar shakkar ita ce take ba ka daƙiƙa biyar. Amma in kuɗinka kaɗan ne ka sa su a ɗamarar tsaro da kujera ta biyu. Ozon yana cin roba, kar ka sa ɗamararka a cikinsa. Fitsarin barewa na kwalba da ake jan namiji da shi lokacin barbara, wasu jihohi kamar Bajiniya da Bamont sun hana na ainihi saboda cutar CWD mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka gano a Wiskonsin a 2002, haka zuba abinci don jawo su an hana a sashen kudu na Mishigan. Ni dai ba na taɓa fitsarin, ko ba doka, kayan da zan yi salla da su ne a jikina.

Zaman kansa

Ka isa da wuri, kamar awa ɗaya kafin gari ya waye, ka yi Asuba a bakin mota in lokaci ya shiga, ka hau a nitse kar ƙarfe ya bugi ƙarfe. A Mishigan ana fara harbi minti 30 kafin fitowar rana, a daina minti 30 bayan faɗuwarta. Ido ya fi kai motsi, in za ka juya ka juya kamar hawainiya. Ka ɗaga makami lokacin da kanta ya shiga bayan bishiya ko take kallon wani gefe. Makon farko da na biyu na Nuwamba, lokacin barbara, namiji yana yawo har da tsakar rana yana bin mata, in za ka iya zama yini guda to lokacin ne. Kana zaune kana sakin auduga lokaci-lokaci, in ka ga iska ta juya ta nufi makwanci kuma ta tsaya a haka, ka sauka ka tafi.

Harbi daga sama ba kamar na ƙasa ba ne. Ka yi tunanin inda kibiya ko harsashi zai fita ta ɗaya gefen, ba inda zai shiga kaɗai ba, kana so ya ratsa huhu biyu. Ka jira ta ba ka gefe, ko ta ɗan ba ka baya kaɗan, ka auna bayan ƙafar gaba. Wadda take daidai ƙarƙashinka ko take fuskantarka ka ƙyale ta. Mai baka ya lanƙwasa daga ƙugu, kar ya sauke hannu kawai, in ba haka ba kibiya sama za ta bi. Ka yi atisaye daga kan kujera tun bazara, da irin kayan da za ka sa. Ka yi bismilla kafin ka ja kunama ko ka saki kibiya, wuƙarka mai kaifi tana jikinka, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka.

Bayan harbi kar ka yi saurin sauka, jikinka yana rawa a lokacin kuma nan ake faɗowa. Ka riƙe wurin da take tsaye da wurin da ka daina ganinta, ka saurara, ka jira kamar minti 30. Jini ja mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. In ka ga jini mai duhu ko ɗanyen abinci da wari, ka samu hanta ko tumbi, to ka ja da baya ka ba ta awanni, in ka bi ta nan take tashi za ta yi ta shiga gonar wani ka rasa ta. In ka same ta ka maƙala takardar lasisi, ka fitar da kayan ciki da wuri don nama ya huce, a Mishigan kuma tun 2022 sai ka kai rahoto ta intanet cikin awa 72. In yankinka akwai CWD ka kai kan a gwada kafin iyali su ci. Kujerar da ka yi harbi a kai ka bar ta ta huta kwanaki, gobe in iska ta ba da dama ka hau ɗayar.